Ina Ruwan Zai Bi?

Ranar da sunan 'yar ƙanwata ya fito cikin waɗanda Jami'ar Bayero ta ɗauka, gidan bai yi murnar da aka saba ba. Likitanci ta nema, labarin ƙasa aka ba ta. Uwarta ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Yaya, ka zo ka yi mata magana, ko ta haƙura ta sake zana JAMB baɗi." Da na isa gidansu a Nassarawa bayan la'asar, yarinyar ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Kawu, wai in na gama wannan karatun, me zan zama?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ya karanta likitanci, sunan aikinsa yana cikin sunan karatunsa. Haka lauya, haka injiniya. Amma ba ta taɓa ganin allo a bakin titi an rubuta "masanin labarin ƙasa" ba. Abin da yawancinmu muka riƙe daga sakandare shi ne haddar sunayen koguna da manyan biranen ƙasashe, sai zanen taswirar Nijeriya a allo. In iyaye suka ji ɗansu zai shekara huɗu a kan wannan, dole hankalinsu ya tashi. Ni abin da na karanta ke nan, don haka ban ba ta amsa a zaune ba. Na ce ta sa hijabinta mu taka.

Nassarawa unguwa ce da aka zana a takarda kafin a aza tubali. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a nan gabas da badala suka yada zango, kusa da gidan Sarki na Nassarawa. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, babu gini, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ya kai musu zazzaɓi ba. Wariya ce tsagwaronta, kuma bai kamata a shafa mata mai ba. Sai dai ga abin da tsarin ya bari: manyan fulotai, gida ɗaya a tsakiyar kowanne, maɗaci da darbejiya jere a bakin titi, filin sukuwa, filin golf, da ƙasa buɗaɗɗiya mai shan ruwa. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Kasuwar Sabon Gari da tsakar rana a watan Afrilu ya shigo ƙarƙashin bishiyoyin nan, fatarsa ta gaya masa bambancin tun kafin a kawo ma'aunin zafi.

Yau kuwa fulotin da ke ɗauke da gida ɗaya an yanka shi an fitar da gidaje da yawa, ko an mayar da shi otal, ko makaranta, ko asibiti, ko wurin biki. Bishiyar da ta girmi mai gidan an sare ta don mota ta sami wurin juyawa. Tsakar gida an shimfiɗe ta da siminti ko intalok daga ƙofa har katanga. Na tsayar da yarinyar a gaban wani irin wannan gida na ce ta yi mini lissafi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Agustan Kano, fuloti mai murabba'in mita 1,000 zai karɓi lita 50,000, wato jarka 2,000 irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. A da, ƙasa da saiwoyi ne ke shanye kaso mai yawa. Yanzu rufin kwano da siminti suna tura shi waje cikin mintoci. Na ce mata, "To, ina zai bi?"

Ta dubi kwatar da ke gefen titi, cike da leda da yashi, ta yi shiru.

Kuma asarar biyu ce. Ƙarƙashin birnin Kano tsohon dutse ne mai tauri, ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Ba kamar can wajen Haɗeja da Gumel ba, inda ƙasa mai yashi ta yi zurfi. Ruwan da muke korawa titi shi ne wanda ya kamata ya nutse ya cika waɗannan tsagogi. Ga shi kowane gida ya haƙa burtsatse, kowa yana zuƙa daga tukunya ɗaya, kuma kowa ya rufe bakin tukunyar da siminti. Shi ya sa za ka ji maigida yana kukan ambaliya a Agusta, shi ɗin dai yana kukan burtsatse ta ƙafe a Afrilu, bai san matsala ɗaya ce ta zo masa da fuska biyu ba. Cikin gari ma labarin ke nan da kududdufai. Ramukan da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje da badala, su ne ke karɓar ruwan damina. Da aka bi su ana cikewa da bola ana yanka fulotai, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya shiga ɗakunan mutane. 'Yan Kantin Kwari ba za su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga rumfuna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda.

Wannan tambaya, ina ruwan zai bi, da 'yan'uwanta, su ne karatun. Me ya sa nan ya fi can zafi? Me ya sa wannan gona take ba da dawa shekara da shekaru, waccan ta gaji? Me ya sa kwalara take fara ɓulla a wannan unguwa? A ina ya kamata a sa makaranta, ko juji, ko tasha? Labarin ƙasa ƙafa biyu gare shi. Ɗaya tana kan halitta: yanayi, ruwa, duwatsu, ƙasar noma, tsirrai. Ɗaya tana kan mutane: yawansu, ƙaurarsu, biranensu, nomansu, kasuwancinsu, cututtukansu. Ɓangaren muhalli shi ne inda ƙafafun biyu suke takawa tare, wato abin da mutum ke yi wa ƙasa da abin da ƙasa ke mayar masa. Masanin sinadarai zai gaya maka abin da ke cikin ruwan rafin Getsi bayan ya ratsa masana'antun Bompai. Ɗalibin muhalli zai bi ruwan da ƙafa har inda ya haɗu da Jakara, ya ga wa ke ban ruwan latas da kabeji da shi, wace kasuwa ake kai kayan, wa ke ci, kuma me zai sami iyalin manomin in aka hana shi rana ɗaya ba tare da an ba shi wani ruwan ba.

Digirin shekara huɗu ne. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, kuma ina jan kunnen duk wanda ya zo nan don gudun lissafi: zai tarar da shi yana jiransa. Akwai ƙididdiga, akwai safiyo, akwai karanta hotunan tauraron ɗan'adam, akwai fasahar haɗa taswira da bayanai a kwamfuta da ake kira GIS. Akwai kuma fita daji, a sha rana, a haƙa rami a duba launin ƙasa, a zauna gaban dagaci a yi tambaya cikin ladabi. A Bayero sashen labarin ƙasa yana cikin tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, tare da sassan kula da muhalli da tsara birane da nazarin duwatsu, ga kuma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ga mai son zurfafawa. Ana yin karatun a Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da jami'ar Wudil. A ƙetaren iyaka akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda kuma cibiyar AGRHYMET take tun 1974 tana horar da masana yanayi da ruwa na ƙasashen Sahel.

Mai ganin ilimin baƙo ne a ƙasar nan, ya tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu, kuma taswirar da Baturen nan Clapperton ya koma da ita Ingila bayan ziyararsa Sakkwato a 1824 daga wajen Bello ta fito. Akin Mabogunje, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, wanda ya karɓi babbar lambar yabon fannin ta Vautrin Lud a 2017, a nan Kano aka haife shi a 1931. Farfesa Olofin ya shafe rayuwarsa a Bayero yana rubuta yanayin ƙasar Kano da kogunanta, har ba a cika samun kundin ɗalibi a kan Kano da babu sunansa ba. Farfesa Yusuf Adamu, wanda masu karatun littattafan Hausa suka sani da ƙagaggun labarai, fanninsa a jami'a shi ne alaƙar wuri da lafiya.

Amma wanda na fi daɗewa ina ba yarinyar labarinsa shi ne Michael Mortimore, domin aikinsa ya nuna abin da fannin yake iya yi in an yi shi da gaskiya. Ya koyar a Zariya daga 1962, ya dawo Bayero a 1979, ya zauna har 1986. A lokacin, abin da masana da yawa na Turai suka yi imani da shi shi ne: in mutane suka yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, dole su cinye ta, su sare itatuwa, hamada ta biyo baya. Mortimore ya fita karkarar da ke kewaye da Kano, inda mutane suka yi cunkoso, gona ba ta hutawa ko shekara ɗaya. Ya ƙirga gonaki, ya ƙirga itatuwa, ya bi jakunan da ke shigo da itace da amfanin gona birni su koma da mangalar taki. Abin da ya gani shi ne manomi yana ciyar da ƙasarsa da kashin dabbobi da toka da sharar gari, yana haɗa gero da wake a kunya ɗaya, yana kiwon ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a gona kamar yadda yake kiwon awaki. Bayan farin 1973 kuma ya lizimci ƙauyen Dagaceri, wanda yanzu yake Jihar Jigawa, fiye da shekara goma yana komawa, yana rubuta yadda iyalai ke jure fari da cin rani da sana'o'in hannu da sauya iri. Daga nan littafinsa Adapting to Drought na 1989 ya fito. Bai ce babu matsala ba. Cewa ya yi manomin nan ba jahili ba ne mai kashe ƙasarsa, kuma duk shirin da aka zo da shi ba a tambaye shi ba, zai rushe.

Maraɗi ta gaskata shi. Tun daga 1983 manoma a can suka rungumi dabarar barin kututturen da ke tohowa a gona, a rage masa rassa a bar masu ƙarfi, maimakon a ƙone shi lokacin sharar gona. Babu gandun reno, babu motar ban ruwa. Shekaru bayan haka, da aka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraro, aka ga itatuwa sun dawo a fili mai kusan hekta miliyan biyar a yankunan Maraɗi da Damagaram. Manoma suka yi aikin, amma sai da masu karanta hoto da taswira suka auna shi kafin duniya ta yarda ya faru.

Wani darasin da ɗalibi zai haɗu da shi, kuma yana da ɗaci, shi ne na Tiga. Dam ɗin da aka kammala a 1974 daga shirin Gwamna Audu Baƙo shi ne ya mayar da Kura da Kadawa da Bunkure gidan shinkafa da tumatir, kuma birnin Kano yana sha daga kogin da yake tsarewa. Alheri ne da ba mai musu. Amma Tiga da dam ɗin Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa ke isa fadamun Haɗeja da Nguru. Ambaliyar shekara-shekara da masunta da makiyaya da manoman fadama suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Ribar wani a sama ta zama hasarar wani a ƙasa, ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, ba su ma san juna ba. Aikin mai wannan ilimi shi ne ya ga mutanen biyu a taswira ɗaya kafin a zuba kankare.

A nan yarinyar ta katse ni. "Kawu, duk na ji. Amma wa zai biya ni albashi?"

Na fara mata da abin da ya faru a garin nan a idonmu. Shekaru aka yi ana yaƙi da cutar shan inna, ana zagayen rigakafi, amma cutar ta ƙi ƙarewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirorin da masu ɗiga maganin ke bi da hannu aka zana su, akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin lissafin kowa. Daga wajen 2012 aka ɗauko hotunan tauraro aka bi jihohin Arewa ana fitar da kowane matsuguni, aka tura matasa su je su tabbatar da sunansa, aka ba ayarin rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka. Da yamma sai a ɗora sawunsu a kan taswira a ga unguwar da aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Na ce mata, likitanci kika so don ki ceci yara, to ga yaran da aka ceta da taswira. Haka a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Likitoci sun yi magani, amma da ba a auna ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya an kankare mai gubar an sauya ta ba, da yaran sun koma sun sake kwasa.

Sai ɓangaren doka. A 1988 aka gano an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunya shi ya haifi hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan dokar 1992 da ta wajabta a tantance illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ko titi ne, ko dam, ko masana'anta. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta zo a 1999, hukumar NESREA mai sa ido kan bin ƙa'ida a 2007, dokar sauyin yanayi a 2021. Kowace doka a cikinsu ƙofar aiki ce, domin sai an sami mai ɗebo samfurin ruwa da ƙasa, mai zama da jama'ar da aikin zai shafa, mai rubuta rahoto. Bankunan duniya ba sa sakin bashin babban aiki sai da irin wannan rahoto. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada, duk suna buƙatar masu wannan sani.

Hukumomin gwamnati kuwa ba sai na daɗe a kansu ba. A jiha akwai ma'aikatar muhalli, da ta filaye, da KANGIS mai mayar da takardun filaye cikin kwamfuta, da KNUPDA mai ba da izinin gini, da REMASAB ta shara. A tarayya akwai NiMet ta hasashen yanayi, NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NEMA ta agajin gaggawa, NASRDA ta sararin samaniya, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, da hukumar ƙidaya, ga shi rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, kuma ba a ƙidaya sai an yanka ƙasa gunduwa-gunduwa a taswira. Kamfanonin sadarwa da na wutar lantarki da na kai saƙo suna son sanin inda kowane turke da kowane gida yake. Ga koyarwa, wadda ba na so a riƙa ambatonta kamar abin da ake komawa in an rasa, domin ƙarancin malaman wannan darasi a sakandare shi ne tushen jahiltar da ake yi masa.

To amma da na tsaya a nan, da na yaudare ta. Aikin gwamnati ya yi ƙaranci, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ayyukan ƙungiyoyi na kwangila ne, shekara ɗaya ko biyu, in kuɗin ya ƙare aikin ya ƙare, kamar yadda da yawa suka gani a 2025 da Amurka ta janye tallafinta. Sannan akwai ƙofofin da digirin nan shi kaɗai ba ya buɗewa. Ba za ka sa hannu a takardar safiyo ba sai hukumar SURCON ta yi maka rajista, wanda ke nufin ƙarin karatu a wuri irin makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo. Ba za ka zama mai tsara birane mai lasisi ba sai ka bi ta TOPREC. Hasashen yanayi na gaske yana son kimiyyar lissafi mai zurfi. Na san waɗanda suka gama da sakamako mai kyau suna zaune shekaru, na kuma san waɗanda tun kafin bautar ƙasa ake nemansu. Da na duba, bambancinsu ba ya wuce abu ɗaya: na farko ya haddace ma'anar GIS ya rubuta a jarrabawa, na biyu in ka ba shi kwamfuta da sunan unguwa, kafin magariba zai miƙo maka taswirar inda ruwa ke kwanciya.

Kuma uzurin rashin kayan aiki ya ragu ƙwarai. Manhajar QGIS kyauta ce. Hotunan tauraron Landsat, da aka fara ɗauka tun 1972, an sake su kyauta tun 2008, ma'ana ɗalibi a Kano zai iya zama ya ga yadda Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki suka cinye gonaki shekara bayan shekara. Wayar da ke hannunsa tana ɗaukar lambar wuri. Abin da na roƙe ta shi ne kada ta jira malami. Ta nemi kwamfuta ko ta hannu ce, ta zaɓi wurin koyon aiki da kanta tun kafin lokacin ya zo, ta iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, ta kuma iya bayyana shi da Hausar da mai unguwa zai gane. Ta riƙe kalmomin manoma, jigawa da fadama da fako da dabaro, burtali da makiyaya da hurumi, domin rabon ƙasa ne da aka yi tun kafin a zo da na littafi, kuma rikicin manomi da makiyayi sau da yawa rikicin burtalin da aka nome ne wanda babu taswirarsa a ko'ina. Kasancewarta mace ma jari ne. Ruwa da itacen girki da hayaƙin murhu da shara, duk a cikin gida ake sanin gaskiyarsu, kuma gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, ita za ta shiga ta zauna ta tambaya, abokin karatunta namiji yana tsaye a waje.

Abu na ƙarshe da na gaya mata shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba a koyar da shi a aji. Kano ba ta taɓa rasa tsari a takarda ba. Tun 1963 aka zana mata shirin shekara ashirin na Trevallion, bayansa ma an yi wasu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna amana. Duk da haka, rabin garin awon igiya ne, an gina kan hanyoyin ruwa, an cinye filayen makarantu da jikin badala. Kowane gini da ya toshe magudana, akwai wanda ya san hanyar ruwa ce, kuma akwai hannun da ya sa a takarda ko idon da ya kau da kai. Na taɓa ganin rahoton tantance muhalli da aka kwafo daga na wani aiki a Kudu, har sunayen itatuwan kurmi ba a cire ba, aka miƙa shi a kan wani fili a ƙasar Hausa. Mai digiri ne ya yi wannan. Rana za ta zo da wani mai kuɗi ko mai mulki zai ajiye mata takarda ya ce ta sa hannu cewa wurin nan ba hanyar ruwa ba ne, alhali ta auna ta ga hanyar ruwa ce. Waɗanda ruwan zai ci ba sa cikin ofishin, ba su san sunanta ba, wataƙila ma ba a haife su ba tukuna. Na ce mata ta fara shirya amsarta tun yanzu.

Ba ta sake zana JAMB ba. A hutun zangon farko na je gidan ban same ta ba, uwarta ta ce tana bayan layi. Na tarar da ita tsugune a gaban wani tsohon maigadi da ya shekara fiye da talatin a unguwar, littafi a cinyarta, waya a hannu tana ɗaukar lambar wuri. Tana ce masa, "Baba, kafin a yi wannan katangar, in an yi ruwa ta ina yake wucewa?" Tsohon ya miƙe da sandarsa, ya ja layi a ƙasa daga gindin wani kututturen maɗaci, ya bi da shi har ya dangana da ƙofar wani sabon bene, ya ce da can wani kwari ne a nan, yara har kamun tarwaɗa suke yi a cikinsa da kaka. Ta rubuta, ta ce ya nuna mata inda kwarin yake ƙarewa.